Kafin Ku Buga Kalanda: Shawara Ga 'Yan Rawayya Masu Shirin Kafa Ƙungiya

Ɗan Rawayya da neman abinci ya kai Legas, Abuja, Kaduna ko Kano ya san yadda taimakon gida ke tafiya a yanzu. Waya ta yi ƙara da tsakar dare: matar wane tana asibiti a Gusau, ana neman jini da kuɗin tiyata. Ko iska ta yaye kwanon aji biyu a firamare. Ko famfon unguwa ya tsaya, mata sun koma rafi. Sai a jefa lambar asusu a WhatsApp, mai dubu biyu ya tura, mai dubu ashirin ya tura, a toshe wannan kafar. Bayan mako uku wata ta ɓalle. Masu bayarwar kuwa mutum goman nan ne dai, har wasunsu su fara kallon waya tana ƙara su ƙyale ta. A nan ne wani zai ce, "Jama'a, mu kafa ƙungiya mana." Kowa ya ce madalla. A zaɓi shugaba da mataimaka uku, a buga kalanda da hotunansu, a gayyaci babban baƙo ranar ƙaddamarwa. Kafin Sallah biyu ta zagayo, ba mai sake jin ɗuriyarta.

Shawarata ga masu wannan niyya guda ɗaya ce, sauran duk rassanta ne. Ku ɗauki aiki ɗaya ƙarami wanda za ku iya yi kowace shekara, ku tara masa kuɗi kaɗan-kaɗan daga mutane da yawa, ku rubuta kowane kwabo a inda kowa zai gani. Ginin sakatariya da motar ƙungiya da taron ƙaddamarwa su jira tukuna.

Akwai wasu mutane can nesa da suka daɗe a kan wannan hanya, kuma labarinsu zai amfane mu. Tun cikin ƙarni na 19 mutanen Fotugal, galibinsu daga tsibiran Azores da Madeira, suka riƙa ƙaura zuwa Amurka. Wasu suka shiga aikin jiragen ruwa da masaƙu a jihar Massachusetts, wasu noma da kiwon shanun madara a Kalifoniya. Talakawa ne, da yawansu ba su jin Turanci, kuma babban tsoronsu shi ne mutum ya mutu a baƙuwar ƙasa, babu kuɗin binne shi, ya bar mata da yara ba mai kula da su. A kan wannan tsoron suka gina ƙungiyoyinsu. A 1880 aka kafa UPEC a garin San Leandro: kowa ya zuba ɗan abin da aka yanka, in ɗan ƙungiya ya rasu a tallafa wa iyalinsa. A 1898 mata suka kafa tasu, SPRSI, a Oakland. A 1915 wasu mutum huɗu 'yan Madeira suka fara bikin shekara-shekara a New Bedford. Bikin ya haura shekara ɗari, ana yin sa a farkon watan Agusta, kuma ƙungiyar da ke shirya shi tana ba ɗalibai tallafin karatu daga abin da ta samu. 'Yan Azores kuma suna da nasu bikin, inda ake dafa romon naman sa da burodi a ciyar da duk wanda ya zo kyauta, ɗan ƙungiya ne ko mai wucewa.

Addininsu daban, bikinsu daban, ba shi nake cewa a kwaikwaya ba. Abin lura shi ne tsarin. Sun fara da buƙata ɗaya da kowa ya yarda da ita, suka sa mata rana a shekara, suka ajiye littafi. Manyan zaurukan taro da makarantun koyar da yarensu daga baya suka zo.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 take, kuma a can da zangon Kumasi da na Accra, baƙon da ya sauka yana da maigidan da zai ba shi masauki, ya tsaya masa a kasuwa, Sarkin Hausawa kuma ya shiga maganarsa in ta kai ga hukuma. A gida muna da gayya, muna da adashi, muna da gudummawar biki. Inda muke tuntuɓe shi ne komai namu a kan mutum yake rataye. Maigida ya rasu, alherin ya bi shi kabari, domin ba a rubuta wa kowa yadda za a ci gaba ba. A ƙasar nan ma akwai waɗanda suka riga mu gane haka. Ƙungiyar Ibibio ta tara kuɗi daga jama'arta ta tura ɗalibai shida karatu ƙasar waje a 1938, lokacin da ko jami'a ɗaya babu a Najeriya.

To, ta ina za ku fara? Da tambayar da kowa ke ganin ba ta da muhimmanci: wane ne ɗan Rawayya? Ku rubuta amsar tun zaman farko. Wanda aka haifa a garin, wanda iyayensa daga can suke ko da shi a Agege aka haife shi, matar da aure ya kawo, matar da aure ya fitar, malamin makarantar da ya shekara goma sha biyar yana koyar da 'ya'yanku, mutanen ƙauyukan kewaye da ke cin kasuwa ɗaya da ku. Ni dai ra'ayina a buɗe ƙofar sosai. Bahaushe da Bafulatani, ɗan Izala da ɗan ɗariƙa, duk su samu wurin zama. Bayan abin da Zamfara ta gani a shekaru fiye da goma na zubar da jini, ƙungiyar da ta fara da tace ƙabila ta ƙara wa ciwon gishiri ne kawai. Maganar aƙida kuma a bar ta a bakin ƙofa, a rubuta haka ƙarara cikin kundin tsarin mulki.

Sai kuɗin wata. Ku yanka shi ƙasa-ƙasa yadda ɗan acaba da mai shayi za su iya biya ba tare da sun ji kunya ba. Ga misali don lissafi: mutum 200, kowa naira 1,000 a wata, naira miliyan 2.4 ke nan a shekara. Amma kada ku yi kasafi a kan wannan adadin. Ku ɗauka rabi ne za su biya, ku tsara aikinku a kan rabin. Abin da ya haura ya tafi ajiya. Za ku iya yin hawa uku, na ɗalibi da mai ƙaramar sana'a, na ma'aikaci, na ɗan kasuwa, amma ƙuri'a ɗaya ce ga kowa. Manomin da ke gida wanda kuɗi ba sa zama a hannunsa ya biya da tiyar gero ko dawa da kaka, a ƙiyasta a rubuta masa rasit kamar kowa. Wannan yana da amfani fiye da hatsin kansa, domin shi ke hana ƙungiyar rabuwa gida biyu, 'yan birni masu bayarwa da 'yan gida masu miƙa hannu.

Attajirin gari fa? Ku karɓi kyautarsa da godiya, amma kada aikinku na kowace shekara ya dogara da aljihunsa. Ran da kasuwa ta juya masa, ko aka ɓata da shi a kan wata magana, aikin ya tsaya cak. Babbar kyauta a sa ta a abin da za a yi sau ɗaya a gama, ko a mayar da ita waƙafi, kamar shago a Gusau da za a riƙa karɓar hayarsa.

A wurin ajiyar kuɗi ne yawancin ƙungiyoyi ke mutuwa, kuma ba kullum sata ce ke kashe su ba. Zato ya isa. Kada kuɗin ƙungiya su kwana a asusun wani mutum, ko limamin gari ne. Dalilin ba rashin yarda da shi ba ne. Mutum yana rasuwa, kuɗin su cakuɗe da dukiyar gado, magada su ce ba su san zancen ba, kuma ba su yi ƙarya ba. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, ba a cire kuɗi sai biyu sun sa, kuma kada ukun su fito daga gida ɗaya ko gari ɗaya na zama. Alat ya riƙa shiga wayar mutum fiye da ɗaya. Duk ƙarshen wata ma'aji ya ɗauko takardar bayanin asusu daga banki ya nuna wa 'yan ƙungiya, tare da jerin abin da aka kashe da rasit ɗinsa. Wata ɗaya aka tsallake, gunaguni ya fara. Ku naɗa odita mutum biyu da ba sa cikin shugabanni, su duba littafi sau ɗaya a shekara kafin babban taro.

Na ce littafi, kuma littafin takarda nake nufi, bayan na waya. Kowa ya tuna watan Satumba na 2021 da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, makonni ba kira ba intanet. Kowa ya tuna farkon 2023 da takardar naira ta yi ɓatan dabo. Ƙungiyar da duk bayananta ke cikin wayar sakatare, a irin waɗannan ranaku makauniya ce. Littafi ɗaya a gida, kwafinsa a hannun wani a waje.

Rajista hawa biyu ce. Ta kusa ita ce ta ƙaramar hukumar Bungudu, a sashen da ke kula da ƙungiyoyin al'umma, kuma ita za ta ba ku fuskar shiga ofis a gida. Ta nesa ita ce ta hukumar CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, sashen da ya shafi amintattun ƙungiya. Za a nemi sunan da ba wanda ya riga ku, kundin tsarin mulki, bayanin zaman da aka naɗa amintattu aƙalla biyu, da sanarwa a jaridu, sannan a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan nan akwai takardar SCUML, sashen da ke sa ido kan halatta kuɗin haram a ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna ke tambaya. Abin da mutane ke mantawa shi ne rahoton shekara-shekara da CAC ke buƙata. Rashin kai shi tara yake jawowa. Ku sa kuɗinsa a kasafi tun yanzu. Amintattu kuwa ku zaɓi masu lafiya da lokaci, waɗanda za a same su in ana buƙatar sa hannu. Dattijon da ake girmamawa a ba shi uban ƙungiya, ya fi dacewa da shi.

Kafin duk wannan, ku je ku gaida uban ƙasa da masu unguwanni da limamai, ku faɗa musu niyyarku da bakinku. Kada su ji a gari. Ku nemi albarkarsu da shawararsu, amma sa hannu a banki da zaɓen wanda zai amfana su zauna a hannun kwamiti. Wannan kariya ce gare su ma, domin ranar da aka hana ɗan wani tallafi ba za a ce sarauta ce ta hana ba.

Yanzu wane aiki za a ɗauka? Da ni za a tambaya, karatu zan ce, kuma ba ginin aji ba, ɗaukar nauyin yara ƙalilan har su gama. Shi ne aikin da kuɗi kaɗan ke iya yi, ana iya auna shi, kuma ɓarayi ba sa iya ɗauke shi a babur. Amma yana da ƙa'idoji. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma yara da yawa a nan suke faɗuwa tun kafin su ga takardar tambaya: suna a NIN daban, a takardar makaranta daban, ranar haihuwa ta saɓa. Ku sa mutum ɗaya ya bi 'yan ajin ƙarshe na sakandare tun zangon farko ya daidaita wannan. Jarabawar kuma a kwamfuta ake yin ta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ko ya haddace littafi, rabin lokacinsa a neman inda zai danna zai tafi. Kwana biyu ko uku na gwaji a wata cibiya a Gusau sun fi masa jawabin ƙarfafa gwiwa.

Kuɗin jarabawa ko na makaranta kada a ba yaro ko mahaifinsa a hannu. A biya kai tsaye, a ajiye rasit. Gidan da babu abincin dare, kuɗin NECO masara za su zama, kuma ba wanda zai zarge su. Zaɓen ɗalibai a bar wa kwamitin malaman makaranta, da sharuɗɗa a rubuce: ƙoƙari, rashin hali, maraici. In ɗan wani shugaba na cikin masu nema, shugaban ya tashi daga zaman. Yara biyar da za ku riƙe har su karɓi takardar kammalawa sun fi hamsin da za a ɗauki hoto da su a watsar. Tun 2024 kuma akwai asusun bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Ku koya wa naku yadda ake nema, kuɗinku su tafi inda bashin bai kai ba.

Ku ware wa 'yan mata kaso, ku rubuta shi, in ba haka ba za a wayi gari duk maza ne, kowa ya ce ba da gangan ba. Makarantun ma ba nesa suke ba. Akwai kwalejin kimiyyar lafiya a Tsafe, akwai makarantar koyon jinya da unguwarzoma a Gusau, akwai kwalejin ilimi ta tarayya a Gusau, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Kowa ya san mata da yawa ba sa zuwa awo in namiji za su tarar, mazajensu ma ba sa bari. Unguwarzoma ɗaya 'yar gari, mai jin maganar mutanenta, za ta ceci rayukan da asusun gaggawa ba zai taɓa cetowa ba. Sai dai ku yi maganar masaukinta da iyayenta tun farko, domin a halin da ake ciki wannan ne abin da uba zai fara tambaya, kuma yana da gaskiya.

In ƙarfinku ya kai ga aiki na biyu, hatsi ne. Galibi da kaka yake araha, ya yi tsada a Yuli da Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba. Ku saya da kaka, ku haɗa da wanda manoma suka biya, ku raba wa zawarawa da marayu da waɗanda aka raba da gonakinsu a tsakiyar damina. Wake a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, ba sai an sa magani ba. Kada a tara komai a ɗaki ɗaya a ƙauye. A kasa shi, mafi yawa a Gusau. Mata su tsara jerin gidajen, su suka san tukunyar da ba ta hau murhu ba.

Akwai kuma aikin da ba ya cin ko sisi. Ku rubuta rukunin jinin duk ɗan ƙungiya mai lafiya da ke zaune a Gusau, da lambar wayarsa, a hannun mutum biyu. Ranar da aka kawo mai naƙuda Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko asibitin Yariman Bakura, kira biyu ya wadatar. A riƙa rubuta ranar da kowa ya bayar, don a bar tazarar wata uku ko fiye.

Rijiyar burtsatse ita ce kowa ke so, domin ana ganinta, ana manna mata allo. Ku yi hattara da ita. Ƙasar Gusau, Bungudu da Tsafe a kan dutse take, ruwan ƙasa a tsagogin dutsen yake maƙale, ba ko'ina aka haƙa ake samu ba. Kada ku biya ɗan kwangila sai masana sun yi gwajin wurin, kuma a rubuta a yarjejeniya abin da zai faru in aka haƙa ba ruwa. In an samu, ranar buɗewa ce farkon kashe kuɗi: sumo zai ƙone, sola za ta buƙaci gadi, tanki zai yi yoyo. In babu kwamitin unguwa da zai riƙa karɓar ɗan abu a kan jarka yana ajiyewa don gyara, kada ku fara. Sau da yawa ma gyaran famfuna uku da suka mutu ya fi haƙa sabo ɗaya araha.

Wasu za su kawo muku zakkarsu. Kada ta shiga tukunya ɗaya da kuɗin wata. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukunin mutane takwas da ake ba wa, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a gina rijiya ko aji ko masallaci da ita. A buɗe mata shafi daban, a fitar da ita da wuri, a sa malami a kwamitin rabonta. Jihar tana da Hukumar Zakka da Waƙafi a Gusau. Ku je ku ji yadda suke tantance mabuƙata, kuma in za ku yi waƙafi su nuna muku yadda ake rubuta shi don kada magada su tashe shi gobe.

Akwai maganar da mutanen New Bedford ba su da ita, mu kuwa dole mu yi ta. Bayyana lissafi ga 'yan ƙungiya daban, tallata masu kuɗi ga duniya daban. Kada a riƙa jera sunaye da adadin abin da kowa ya bayar a zauren da ke da mutum ɗari uku, ba ku san wayar wa ke hannun wa ba. A ba kowa lamba, a fitar da rahoto da lambobin, kowa ya duba tasa. Cikakken jerin sunaye ya tsaya wurin ma'aji da odita. Ranar kai kaya gida ko zuwan baƙi kada a sanar sai an gama an dawo. Babban taro ba dole sai a cikin gari ba. In hanyar Funtuwa zuwa Tsafe ba ta yi daɗi ba a wannan lokacin, na nesa su shiga ta waya, kuma ƙuri'arsu ta ƙirgu.

Sai kuɗin fansa, wanda ba mai son ambata. Ku yanke hukunci a kansa yau da hankali ke kwance, kada ku bari sai ranar da aka ɗauki ƙanin ma'aji. A ganina asusun ƙungiya kada ya biya fansa, a rubuta haka. Da zarar an san akwai taskar da ake buɗewa, kowane ɗan uwan ɗan ƙungiya an yi masa farashi, kuma ɗauka ɗaya za ta cinye kuɗin karatun shekara uku. Wanda zai taimaka daga aljihunsa, tsakaninsa da 'yan uwansa ne. Ƙungiya ta ɗauki ciyar da iyalin da aka bari, da maganin wanda ya dawo. Sayen makami ko ɗaukar nauyin 'yan sa-kai kuwa ko kusa. Tsaro aikin hukuma ne, kuma tun farkon 2024 jiha ta kafa Askarawan Zamfara. Mai shawara ko ƙorafi ya bi ta hannun uban ƙasa.

Siyasa za ta zo, ko kun gayyace ta ko ba ku gayyace ta ba. Jam'iyyar Mutanen Arewa ma a ƙarshen shekarun 1940 ƙungiyar al'adu da zumunci ce, sai a 1951 ta zama jam'iyyar siyasa. Su da niyya suka yi. Taku kada ta zame ba ku sani ba. Duk shugaban da zai tsaya takara, ko na kansila ne, ya ajiye muƙaminsa kafin ya sayi fom. Ɗan siyasa ya kawo gudummawa, a karɓa, a ba shi rasit, a gode masa, amma ba hotonsa a jikin buhu, ba hular jam'iyya a wurin rabo.

Wannan ba ya nufin ku nesanci gwamnati. Rabin amfanin ƙungiya ma a nan yake, kuma shi aka fi sakaci da shi. Duk abin da za ku tara bai kai abin da ke shigowa ƙaramar hukuma a wata ɗaya ba, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kansilan mazaɓar Bela/Rawayya da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha duk suna da ofis. Ku rubuta musu takarda a kan abu ɗaya takamaimai, rufin aji kaza a makaranta kaza, da hoto da kwanan wata, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku, ku koma bayan wata guda da ladabi, ku sake komawa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar tambayar hukuma a rubuce. Makarantun firamare suna da kwamitin al'umma na kula da makaranta, asibitocin mazaɓa suna da kwamitin ci gaban mazaɓa. Ku tabbata akwai naku a ciki, mai zuwa zama. Takardar haihuwa ga jarirai da katin zaɓe ga waɗanda suka kai 18 su ma aikinku ne, ba tare da kun ce wa kowa ga wanda zai zaɓa ba.

Mata kada a yi musu "shugabar mata" guda ɗaya a ƙarshen jerin sunaye a ce an gama. Su yi reshensu, da ma'ajinsu, da shafinsu a littafi, da kujeru a kwamitin kuɗi. Masu riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kansu ba, ba su ne za a koya wa riƙon amana ba.

Ƙungiyoyin 'yan Fotugal ɗin nan ma tsufa ya kama su. Jikoki sun zama Amurkawa, yaren ya yi rauni, har a 2010 huɗu daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin Kalifoniya, ciki da UPEC, suka haɗe wuri ɗaya. Yaron da aka haifa a Mararaba ko Agege, wanda bai taɓa kwana a Rawayya ba, ba zai biya kuɗin wata don kunyar mahaifinsa ba har abada. Ku ba shi aiki tun yanzu. Shi ya iya kwamfuta, shi zai tsara lissafi, shi zai koya wa 'yan JAMB ta waya. A kwamitin mutum bakwai, biyu su kasance 'yan ƙasa da shekara talatin.

Wa'adin shugabanci shekara biyu, sau biyu, sannan a sauka ko an yi ƙoƙari. A rubuta abin da mai sauka zai miƙa: littafin kuɗi, takardun rajista, hatimi, jerin 'yan ƙungiya, sunayen ɗaliban da ake riƙe da ajin da kowa yake, da lambobin sirrin imel da shafukan ƙungiya. A miƙa su a gaban odita, a sa hannu. Masu sa hannu a banki kuma a canja su cikin mako biyu da zaɓe, tun tsofaffin suna kusa kuma ana ga-maciji da su.